Ɗakin da Masu Dubiya Ba Su Shiga

Inusa bai faɗi ba, zama ya yi. Abin da yake ta nanata wa mutane ke nan har yau, kuma gaskiyarsa, sai dai yakan manta ya ƙara da cewa a cikin daron tumatirin wata baiwar Allah ya zauna.

Shi ne shugaban direbobin tashar Madarounfa, mutumin da Allah ya halicci bakinsa ba tare da "a'a" a ciki ba. Salula biyu gare shi, ɗaya a aljihun ƙirji, ɗaya a na gefe, kuma duk cikinsu ba wadda ta san hutu. In an tsare kamiyo, babbar motar kaya, a bakin iyaka kan wata takarda, Inusa. In an rufe iyakar ɗungurungum, albasa na ruɓewa a rana, Inusa. In direba ya bi hanyar Gabi ya yi jinkiri, a wannan zamani da masu bindiga ke tare hanya, matarsa ba ta kiran uwarta, ba ta kiran ubanta, sai Inusa. Shi kuwa ya tasa salula gaba, tuwo na hucewa, har sai an ce masa ga mutumin ya iso lafiya, ashe taya ce ta fashe. Yana da mataimaki, Ilyasu, amma bai taɓa barinsa ya taimaka da komai ba sai miƙo kujera. Shayi ne ke riƙe da shi a tsaye, mai kauri, wanda sukarinsa ke manne leɓe, daga hantsi har magariba. Abinci kuwa sai abin da ya tare shi a hanya, galibi tsire ne da yajinsa.

Ran da abin ya faru bazara ta gama nuna. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, bantilato mai ba da iska ya tsaya cik, mutane sun kwana biyu ba su san barcin kirki ba don zufa. Inusa na tsakiyar tasha da salula a kowane kunne, yana ba wani haƙuri ta dama, yana yi wa wani faɗa ta hagu, sai ya ga rumfar mai shayi ta wuce ta gabansa. Bai damu ba, sai da ya ga ta sake wucewa. Ƙeyarsa ta sara, ƙasa ta karkata, ya nemi wurin zama, daro ya samu. Direbobi suka ɗauke shi cak, babbar rigarsa jawur ta baya. Matan tasha suka ga ja suka sa salati, kafin a isa likita labari ya isa ƙauyen Safo cewa an harbi Shugaba.

Majo Maryam, babbar ma'aikaciyar jinyar da ke riƙe da likitar, wato asibitin garin, mace ce da ba ta san gaggawa ba. Ta sa aka goge masa tumatir, ta ɗaure masa dantse, ta matsa, ta duba, ta kwance, ta sake ɗaurewa. Ta soki yatsansa ta ɗiga jinin a wani ɗan abin awo.

"Tansiyonka sha tara, Shugaba."

"To madalla," in ji Inusa, don shi dai a iya saninsa yaron lakol da ya samu maki sha tara cikin ashirin a jarrabawa har kaza ake yanka masa.

"Ba madalla ba ne. Jininka ya hau inda bai kamata ba, sukari ma ya hwara leƙowa. Yaushe rabonka da barci har asuba?"

Ya buɗe baki zai tuno, salular ƙirji ta ɗauki kuka. Ya danne ta. Ta gefe ta karɓa.

"Ka ji su," in ji Majo. "Ita zuciya ba ta da wayo, Shugaba. In an kira ka an ce mota ta ɓace, sai ta zabura kamar kai ake bi da bindiga. Kai ka aje salula ka ci gaba da harkarka, ita ba ta sauka ba, kahin ta sauka an sake kira. Ka haɗa da zahin ga, da rashin barci, da gishiri, da shayinku na tasha. Ga magani, kullum ka sha, ko ka ji garau kar ka bari. A rage gishiri da dunƙulen miya, a aje sukari. Sannan ka huta, hutu na gaske, ba hayaniya. Ranar kasuwa mai zuwa ka dawo in auna ka."

Inusa ya ce to, irin "to" ɗin da yake ce wa kowa. Ta gane shi sarai. Ta ajiye abin awon ta dube shi.

"Alhaji Yahaya ba yayanka ba ne?"

Nan wasa ya bar fuskarsa. Yahaya yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya koya masa tuƙi, kuma shi ne shugaban tasha kafinsa. A wata bazara irin wannan ya yanke jiki ya faɗi a bakin rumfar direbobi, ya tashi ɓarin jikinsa na dama ya shanye, bakinsa ya karkace, magana sai da kyar. Kujerarsa Inusa ya gada, har da salular aljihun gefe, don lambarta ce kowa ya sani.

"Shi ma da sha tara na sallame shi," in ji Majo. "Ya ce mani to."

Tsoro ya kama Inusa, tsoro na gaske, wanda bai taɓa jin irinsa ba ko a hanyar daji. Mutuwa dai ta kowa ce, wannan ya sani. Abin da ke razana shi a kwantar da shi a tayar, a ba shi abinci a baki. Tun a bakin ƙofar likita ya yi wa kansa alkawari, ko me za a yi, ranar kasuwa sai wannan jini ya sauka.

Ɗelu, matarsa, ta karɓi maganar Majo kamar hukuncin alƙali. Ta share ɗakin da ya fi sanyi, ta shimfiɗa tabarma, ta ƙwace salular ƙirji ta cusa a buhun gero. Ta gefen kuwa ya ce mata ya bar ta a tasha, alhali ya kashe mata ƙara ya ɓoye ta a ƙarƙashin hula. Ta yi masa miyar kuka ba gishiri, ya kai loma ɗaya, ya dube ta ya tambaya ko ya yi mata wani laifi ne. Ya kwanta. Ya lumshe ido. Ya fara jin abin nan da Majo ta kira hutu yana taɓa shi daga yatsun ƙafa.

"Salamu alaikum! An ce Shugaba ba lahiya?"

A garin nan ba a barin mara lafiya shi kaɗai. Wanda ya ji ɗan'uwa na kwance bai je dubiya ba, to ya shirya shan gori har a gidan suna. Kafin la'asar takalma sun cika ƙofar gida. Washegari amalanken jaki suka fara isowa daga Safo, waɗanda suka ji harbi suka zo ganin rauni, ba su samu ba, suka zauna duk da haka. Na Gabi suka cika mota guda. Na garin Sarkin Yamma suka zo har da limaminsu. Kowa ya shigo sai Inusa ya tashi zaune, don ba a amsa gaisuwar dattijo a kwance. Ya miƙa hannu, ya ce da sauƙi, ya amsa ta gida da ta yara da ta zafi, kafin ya mayar da kai matashi wani ya yi sallama.

Kuma ba wanda ya zo hannu sake. Wannan kilishi, wancan soyayyen kifi, wata fura da ta sha sukari har ludayi na tsayawa, wani lemun kwalba mai sanyi da ya sha wuya kafin ya samo shi a garin da ba kuran. Ɗelu ta tsaya a bakin ƙofa tana cewa likita ta hana, ana ce mata, "Haba Ɗelu, ɗan wannan?" Inusa kuwa, in tsohuwa ta taso tun daga Gabi da ƙwaryar fura a ka ta tsare shi da ido, ta ina zai fara? Sai ya kurɓa. Da ya kurɓi ta wannan dole ya kurɓi ta waccan, kada a ce ya yi zaɓe.

Sai kuma ta'aziyyar da ake yi masa tun yana da ransa.

"Hawan jini ko? Allah sarki. Shi ya kashe Mahaman na bakin masallaci. Yana cikin dariya hakanga kamar kai."

"Ai shi Mahaman ya ji daɗi, nan take ya tahi. Ka tuna Alhassan mai gyaran taya?"

"Allah shi ƙara sauƙi dai. Tafarnuwa za ka riƙa haɗiya."

"Wace tafarnuwa? Zogale!"

Da an shafa fatiha, sai mai dubiya ya matso ya rage murya. "Ba don ba ka da lahiya ba, Shugaba, da na hwaɗa maka an tsare motar Shamsu tun jiya. Amma bari, kar in tada maka hankali." Ya tashi ya tafi abinsa, ya bar Inusa da motar Shamsu a kan ƙirji. Hularsa kuma jifa-jifa sai ta ɗauki rawa a kansa, ya dafe ta da sauri, jama'a su ce sannu, ciwon kan ne ko?

Ɗelu ta gwada dabara, ta ce ya samu barci. Suka ce ba komai, sa jira, suka shimfiɗa tabarma daidai ƙarƙashin tagarsa suna muhawarar wanda ya dace da kujera in ta Allah ta kasance. Inusa na kwance yana jin ana zaɓar masa magaji, har ya kusa ɗaga murya ya ce wane bai iya ba. Abin haushin, duk cikinsu ba maƙiyi ko ɗaya. Ƙauna ce ta kawo su, tsagwaronta, kuma ita ce ke neman kai shi ƙasa. Ƙeyarsa na sara fiye da ran daron tumatir.

Ana cikin haka Tani ta iso. Tani ɗiyar kawunsa ce, wato taubashiyarsa, mai sana'ar bandar kifi a bakin tafki, kuma taubashi kaɗai al'ada ta ba izinin ya gasa wa mutum magana a gaban jama'a, a yi dariya a wuce. Ta tsallake takalma, ta tsaya a kansa, hannu a ƙugu.

"Ina bawan nawa? Kai, ashe da sauranka! Ni da na zo rabon gado. Ɗelu, gaskiya ne da tumatir aka harbe shi?"

Ɗaki ya kwashe da dariya. Ita ba ta yi ba, don ta ga idonsa, ta ga yadda jijiyar goshinsa ke harbawa. Ta ja Ɗelu bayan rumbu suka yi ƙus-ƙus.

Washegari da sassafe, kafin masu dubiya su karya kumallo, aka fitar da shugaban direbobin Madarounfa ta ƙofar baya, kwance a amalanke, an lulluɓe shi da tabarmar shanya kifi. Mutumin da ke ba manyan motoci umarni, ga shi jaki na jansa, yana ƙarnin tarwaɗa.

"Ina za ki kai ni, ke Tani?"

"Inda ba a aje takalmi. Ruhe baki, kaya ba su magana."

A hanya wata maƙwabciya ta tare su, ta dafa tabarmar daidai tumbinsa ta ce kai, wanga kihi babba ne, na saidawa ne? Tani ta ce a'a, ya soma lalacewa, mayar da shi ruwa za ta yi.

Tsakiyar tafki ta kai shi, a kwalekwalen wani tsohon masunci, Ɗan Baba, wanda ba ya magana sai ta zama dole. Inusa ya yi shekaru yana bin hanyoyin da maza ke tsoro, amma ruwan da ya wuce na buta bai yarda da shi ba. Ya ƙanƙame gefen jirgin da hannu biyu yana karanto duk addu'ar da ya sani, har da ta shiga kasuwa. Tani na gabansa tana tuna masa cewa in ya nutse, moton da yake hawa, babur ɗin nan nasa, nata ne.

Amma da suka yi nisa sai abin ya fara aiki. Iska mai sanyi na tasowa daga ruwan. Itatuwan gaɓa suka ƙanƙance, hayaniyar gari ta koma ta wasu. Hula ta yi tsit, don rezo, wato layin waya, bai iya iyo ba. Fararen tsuntsaye na sauka suna tashi. Ɗan Baba ya kafa gora ya ɗaure jirgin, ya yi masa inuwa da tabarmar. Inusa ya saki hannun hagu. Ya yi wata hamma da ya manta yana da irinta.

"Salamu alaikuuum!"

Sallama a kan ruwa tafiya gare ta. Ya buɗe ido ya hango jirage sun taso shaƙe da manyan riguna. Ashe jama'a sun isa gida ba su same shi ba, suka bi sawun amalanke har gaɓa. Su kuwa da suka ga tafki aka kawo shi, tafkin da waliyyai ke kwance a kewayensa, sai suka ce lalle jiki ya yi tsanani, neman tubarraki aka fito. To wa zai yarda a ce ranar ba a gan shi ba?

Jiragen suka kewaye shi. Limamin Sarkin Yamma ya miƙe tsaye don addu'a ta fi ratsawa, jirginsa ya karkata, mutanen ciki suka koma ɗaya gefen gaba ɗaya, ya karkata can. Wata tsohuwa ta miƙo ƙwaryar fura daga jirgi zuwa jirgi, ƙwarya ta suɓuce, kifayen Madarounfa suka sha sukari ranar. Wani ya riƙo gefen jirgin Inusa don ya gaisa da kyau, wani ya riƙo ɗayan, ana ja ana amin, har Ɗan Baba da ba ya magana ya yi wadda ba a maimaitawa a gaban liman. Tani na dariya har da riƙe ciki. A cikin wannan turmutsutsu wani ya samu kunnen Inusa: "Ba don halin da kake ciki ba, Shugaba, da na ce maka har yanzu motar Shamsu…"

Sai Inusa ya ji hannunsa na dama babu shi.

Ya dube shi, ga shi nan a gefen jirgi, amma kamar na aro. "Tani," ya ce, muryarsa ta koma ta yaro. "Tani, abin ya zo. Hannuna."

Dariyarta ta yanke. Ta rarrafo ta durƙusa a gabansa. Tana cikin waɗanda suka yi jinyar Yahaya farkon faɗuwarsa, ta san abin da ake dubawa. "Ɗaga hannuwanka duka biyu. Sama! Washe mani baki. Hwaɗi sunan garinku." Hannuwa suka tashi tare, baki ya washe daidai, Madarounfa ta fito tiryan-tiryan. Ta murza hannun, sai ga shi yana tsira kamar ana soka masa allura. Riƙon da ya yi wa jirgi tun safe ne ya kashe shi.

"Ba shi ba ne," in ji ta. "Amma in muka ci gaba hakanga, shi ne."

Ta juya ta sanar wa jama'a cewa mara lafiya zai kama ruwa, kowa ya kau da kai ya yi gaba. Jiragen suka juya suna Allah shi ƙara sauƙi, Ɗan Baba ya zagaya da su ta bayan ciyawa ya sauke su nesa da idon mutane.

Suka zauna a gindin wata kuka. "Ni dai tawa ta ƙare," in ji Inusa. "Ko rami na shiga sai sun leƙo da hura. Garin ga ba inda mutane ba su zuwa."

Tani ta miƙe ta ce, "Akwai."

Ta bi da shi ta bayan lambuna, lungu-lungu. Tun kafin su sha kwanar ƙarshe ya gane inda za su. Gidan Yahaya ne. Lokacin da Yahaya ya faɗi, tabarmi har bakin titi aka shimfiɗa a nan, limaman nan da tsofaffin nan da furar nan duk sun zo. Yanzu akuya ce kwance a zaure tana tuƙa, ba takalmi ko ɗaya. Ciwon da ya daɗe ba a yi masa dubiya, mutane sukan gaji su koma tambaya daga nesa. Shi kansa Inusa rabonsa da ɗakin tun sallar layya. Yakan aiko gero, yakan danna oda in ya wuce a moto, yakan ce yau sauri yake, gobe yana nan tafe. Yana son yayansa, Allah ya sani. Amma in ya dube shi kansa yake gani, shi ya sa yake gudu.

"Shiga," in ji Tani. "Nan ko shekara za ka yi ba mai nemanka."

Ba da wasa ta faɗa ba, kuma ya ji ta har cikin ƙashi. Kunya ta rufe shi.

Hussaina, matar Yahaya, ta ɗaga masa labule ba ta ce komai ba sai sannu da zuwa, da ma zaginsa ta yi da ya fi masa sauƙi. Ɗakin da ɗan sanyinsa, an yayyafa ruwa a ƙasa. Yahaya na jingine da bango, ya rame, hannun dama kwance a cinya, ƙafar a miƙe. Ya dubi ƙaninsa daga sama har ƙasa. Rabin bakinsa mai rai ya ɗaga.

"Tu… matir," in ji shi.

Ashe har nan labarin ya iso.

"Zama na yi, Yaya. Ban hwaɗi ba."

Yahaya ya buga tabarma da hannun hagu, alamar to zauna nan. Ya zauna. Ba wanda ya ce tafarnuwa, ba wanda ya tuno Mahaman. Hussaina ta kawo ruwan randa da tuwo da miyar da ba gishiri, irin wadda gidan ya daɗe da sabawa da ita, ta sha daddawa da busasshen kifi har ta yi daɗi. Inusa ya cinye, ya yi mamakin kansa.

Sai hula ta ɗauki rawa.

Rezo ya dawo da ƙarfinsa. Inusa ya dafe kai, amma Yahaya ba baƙo ba ne a wannan harka. Ya miƙo hannun hagu. Inusa ya yi kamar bai gane ba. Hannun bai sauka ba. Ƙani ba ya musu da yayansa, dole ya cire hula ya zaro salular ya miƙa. Yahaya ya juya ta ya gane ta, tasa ce ta dā, har da tsagewar da ta yi ran da ya faɗi da ita a hannu. Tana ta rawa a tafinsa, sunan Shamsu na haske. Inusa ya ji zuciyarsa ta zabura daidai yadda Majo ta faɗa, jikinsa duk ya miƙe yana son amsawa.

Yahaya ya tura ta ƙarƙashin cinyarsa ta dama, wadda ta shanye, ya danna ta sosai. Ya dubi Inusa. Ya tattaro maganar a hankali, ɗaya bayan ɗaya.

"Nan… ba ta… ji."

Tani ce ta fara daga bakin ƙofa, wata ƙara kamar an taka kaza. Sai Hussaina. Sai Yahaya kansa, dariyar rabin baki, kafaɗa ɗaya na girgiza, miyau na zuba bai damu ba. Inusa ya yi dariya har ya kwanta a tabarma, kuma bai san inda dariyar ta ƙare kuka ya soma ba. Ya kamo hannun yayansa, na daman, wanda ba ya ji, ya riƙe. A haka barci ya sace shi, aka kira azahar bai ji ba, sai da Yahaya ya zungure shi da ƙafa mai lafiya.

Daga ranar, kullum da safe Ɗelu sai ta ce wa masu dubiya ya ɗan fita, ta karɓi furar ta raba wa maƙwabta. Shi kuwa yana can, salula a ƙarƙashin cinya, magani yana sha, barci yana ramawa. Ɗelu ta zo ta koyi miyar Hussaina. Motar Shamsu kuwa, da aka rasa Shugaba, Ilyasu ya je ya fito da ita, ashe ya iya. Inusa ya ɗan ji haushin wannan, amma bai faɗa wa kowa ba. Wata rana suna kishingiɗe suka ji wani direba a ƙofa yana tambayar Hussaina ko ta ga gilmawar Shugaba.

"Shigo ka gaida Alhaji mana, sai in hwaɗa maka."

"Wallahi sauri nike, Hajiya. Ki gaishe shi. Gobe in sha Allahu ina nan tahe."

Yahaya ya yi dariya. Inusa bai yi ba, don maganarsa ce, ba a sauya ko kalma ɗaya ba.

Ranar kasuwa Majo Maryam ta ɗaure masa dantse, ta matsa, ta duba, ta sake dubawa.

"Sha biyar. Da saura, amma ka juyo. Kar ka bar magani, kar ka koma ma shayin nan. Wai ina ka samu wurin hutawa a garin ga? Ni kaina na zo dubiya ban iske ka ba."

"Wani wuri ne," in ji shi.

Ya fito yana jin kansa sakayau, kamar ya yi tsalle. Ya tsaya ya sayi tumatir a wurin mai daron, don dai a shirya. Tani ta hango shi daga rumfar kifi ta ɗaga murya ta ce ashe gadon ya fasa, Allah ya isa tsakaninta da Majo. Tasha na can dama da hayaniyarta ta ranar kasuwa, direbobi sun gan shi suna ɗago hannu. Ya ɗaga musu nasa, ya bi hagu. Wannan karon bai bi lungu ba, ta titi ya zo. Ya kori akuya, ya tuɓe takalmansa ya jera su a bakin zaure inda duk mai wucewa zai gani.

Yahaya ya riga ya miƙo hannun karɓar salula. Inusa ya ba shi, ya jira ta shige inda take shiga, sannan ya durƙusa yadda ake durƙusa wa babba.

"Yau ba ɓuya na zo yi ba, Yaya," ya ce. "Dubiya na zo. Ya jiki?"

Yahaya ya daɗe yana haɗa amsar. Inusa ya jira, don yau ba sauri yake ba.

"Da… sauƙi."